An Share Tsoho

Ranar Asabar da hantsi aka gane an sace muryar. Kafin rana ta take, mutanen Tanda mazauna Gaya sun cika ƙofar Rediyon Bakin Kogi, kowa da sunan ɓarawo a bakinsa.

Muryar Alhaji Yakuba ce, dattijon da duk Tanda ke kira Tsoho tun yana goye, don sunan kakansa aka sa masa. Shekara talatin da suka wuce shi ya raba fadamar gidansu tsakanin ƴaƴan ƙannensa biyu, ba takarda, ba hatimi. Bara rediyon ta je ta ɗauki hirarsa a kan tarihin garin, awa uku, kuma a ciki ya faɗi inda ya sa iyaka. Ba a kai ga watsa hirar ba ya rasu. Aka bar ta cikin ordinate, na'urar da rediyon ke tara duk abin da ta ɗauka.

Bana rigima ta tashi. Ɗaya daga cikin magadan ya mutu, ya bar matarsa Ramatu da ƴaƴa mata huɗu. Ɗayan, Hashimu, ya ce iyakar tana can gaba da taki sittin, wato duk kwarin da ruwa ke kwanciya, inda shinkafa ke yi, nasa ne. Giginyar da suka sani a matsayin alama ambaliya ta tafi da ita tuntuni. Sarki ya ce ranar Litinin a kawo muryar mamaci a saurara, abin da ya faɗa shi ke nan. In babu murya, sai shaidu, kuma Ramatu ba ta da ko ɗaya a raye.

Ita ce ta je wurin Siddo.

Ta same shi a ƙofar gida, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo a kan tabarma. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata, daga Yelu har Zabori, wani lokaci har ƙetaren iyaka. Yanzu ɓarayi a kamiyo, manyan motocin kaya, suke loda shanu. Sawu ya kai bakin gudoro, titin kwalta, ya ƙare. Damina uku ke nan ba wanda ya neme shi, idonsa na hagu kuma ya yi yana.

"Baba Siddo, an yi mini sata."

"Saniya nawa?"

"Ba saniya ba ce. Murya ce."

Ya dube ta da idon da ke gani. "Murya ba ta da ƙafa, ƴata."

"Wanda ya ɗauke ta yana da su."

Bai so tashi ba. Ya nemi amsar da zai sallame ta da ita, bai samu ba. Ya ce a miƙo masa sandarsa.

*

An yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa ta yi laushi, irin wadda ke riƙe sawu har kwana uku. Amma da kabu-kabu ya sauke shi a ƙofar rediyon, Siddo ya tarar takalma ɗari sun dama farfajiyar. Ya gaji tun bai fara ba.

"Hashimu ne! An gan shi nan ranar Juma'a."

"Yarinyar ce. Kawunta ne fa, uwarta da shi ciki ɗaya."

"Ku dubi sabuwar salular da ke hannunta, daga ina?"

Yarinyar da ake nufi ita ce Ikilima, mai kula da na'urori, wadda ta ɗauki hirar da hannunta. Tana tsaye jikin bango, ba ta kallon kowa. A kan matakala kuma Direkta Idrisa ne, mutumin Yamai, shekara biyu a Gaya, da kwat a jikinsa duk zafin nan.

"Malam, ba mai bin sawu muke buƙata ba, jandarma muke buƙata," in ji shi. "An goge hirar Alhaji Yakuba. Makulli biyu ne, ɗaya nawa, ɗaya na wannan yarinya. Ni tun Laraba ina Dosso, jiya na dawo. Ba zan yarda a ɓata sunan gidan nan ba. Alhaji Yakuba amana ya ba mu."

Siddo ya tuɓe takalmi, ya yafito Ikilima, suka shiga ɗakin aiki. Direkta ya biyo su ya tsaya a bakin ƙofa.

Ɗakin ƙarami ne, an manna kwalin ƙwai a bangonsa. Tebur, gilashi mai haske a kai, akwatin ƙarfe a ƙasa yana gurnani. Siddo ya nuna wani abu mai dogon wutsiya da sandarsa.

"Wannan fa?"

"Suri ne, Baba."

"Na gara?"

"Na Faransanci. Ɓera."

"Ɓera a ɗakin ajiya, kuma kuna mamakin abu ya ɓace." Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba. "Nuna mini inda aka ɗaure ta."

Ta nuna masa wasu ƙananan zane masu ruwan ɗorawa, jere kamar buhuna a rumfa. "Dosiye ke nan, kowane da abin da ke cikinsa. Nan take, tsakanin wannan da wannan. Juma'a da safe na gan ta. Na kulle da sha biyu da rabi kamar kowace Juma'a. Da na dawo kuran ya tafi, babu wuta, ba mu kunna ba. Yau na zo in kwafe ta cikin salulata don ranar Litinin, ban same ta ba."

"Wuri ɗaya kuka ajiye ta?"

"Tun bara nake cewa a samo mana inda za mu kwafe. Aka ce a jira."

Direkta ya yi gyaran murya. Siddo ya matsa kusa da gilashin, ya ga wani dogon zane a gefe.

"Wannan?"

"Ma'aunin ciki ne. Wata uku yana ja, ya cika har wuya. Ko waƙa ɗaya za mu sa sai mun cire wata." Ta tsaya, ta sake dubawa. "Yau shuɗi ne."

"Ma'ana?"

"An samu fili. Da yawa."

"Muryar mutum ɗaya ce ta bar wannan fili?"

"Ko kusa."

"To ba saniya ɗaya aka kora ba. Kin zo neman guda, ba ki ƙirga garke ba. Kina da inda kike rubuta su?"

Tana da kaye, littafin makaranta mai shuɗin bango. Ya sa ta ɗauki hoton gilashin da salularta, don su gwada daga baya.

"In an share abu, ina yake zuwa?"

"Kwandon shara. Shi ma an zubar."

"Daga nan fa?"

"Mai gyara ya taɓa ce mini ba ya zuwa ko'ina. Sunansa kawai ake cirewa. Yana nan kwance har sai an aza wani abu a kansa."

Karon farko a ranar Siddo ya miƙe sosai. Wannan ya san shi. Sawu ke nan: yana nan har sai an taka.

"Kashe ta."

"Baba?"

"Kashe ta yanzu. Kar kowa ya sake takawa."

Gurnanin akwatin ya tsaya. A daidai nan Ramatu ta kutsa ta gefen Direkta, ta leƙo.

"Baba Siddo, muryar Tsoho za ta dawo?"

"Wane tsoho kuma?" in ji Direkta.

"Alhaji Yakuba mana," in ji Ikilima. "Haka muke ce masa."

Siddo ya ce a naɗe akwatin cikin zane a kai wa mai gyara. Nan Direkta ya tare ƙofa.

"Ba inda za a kai ta. Kayan rediyo ne. Akwai shirin yamma, akwai sabbin sanarwa da za a zuba a ciki."

"Ɗazu jandarma kake kira."

"Na sake tunani. Abin da ya tafi ya tafi, ƙaddara ce. A kunna, a ci gaba da aiki, ni zan je in yi wa sarki bayani."

"Ku yi shirinku da baki," in ji Siddo. "Matsa, ɗana. Ƙafata ba ta son tsayuwa."

Mutanen waje sun ji, suka fara ɗaga murya. Direkta ya matsa.

*

Kafin ya bar gidan, Siddo ya zaga bayan ɗakin. Ƙarƙashin taga, inda inuwar kwano ta kare ƙasa kuma taron bai kai ba, ya durƙusa da ƙyar. Sawu ɗaya ne, na mutum mai jan ƙafar hagu.

Hashimu ne mai irin wannan tafiyar. Ya same shi a tasha, zaune kan buhun albasa.

"Baba Siddo, har kai aka sako mini?" in ji Hashimu.

"Ƙafarka ta kawo ni. Ka tsaya ƙarƙashin taga, ka daɗe, ka jingina da ta dama. Ka tofar da goro sau biyu. Ka koma ta inda ka fito."

"To ka ga ban shiga ba ke nan. Sanarwar suna na kai, ta taga Ikilima ta karɓa. Ni ko an buɗe mini ɗakin nan, ban san ta ina ake kama abin ba."

"An ce kai ka saya mata salula."

"Ni?" Ya zaro tasa daga aljihu, an ɗaure ta da roba. "Dubi tawa. Wanda zai aure ta ya aiko mata daga Kotonu. In ma auren bai fasa ba, da wannan suna da ake yi mata."

"Ɓacewar muryar ta yi maka daɗi."

"Wa ya ce? Ni na riƙe igiya ranar da aka raba. Na san inda giginyar take. A kawo muryar, ni ma ina so a ji. Tsoho bai yi ƙarya yana raye ba, ba zai fara a kabari ba."

Shekara arba'in sun koya wa Siddo ya kalli ƙafar mutum lokacin da bakinsa ke magana. Ƙafar Hashimu ba ta motsa ba. Mutumin ya yarda da abin da yake faɗa, ko daidai ne ko ba daidai ba. Siddo ya fi son ɓarawo. Ɓarawo ya san inda gaskiya take, shi ya sa yake gudunta.

Ya tsaya a inuwar wata kamiyo har gwiwarsa ta daina zogi, sannan ya nemi kabu-kabu.

*

Shagon mai gyara yana kan hanyar gada, tsakanin masu tayoyi. Sunansa Zahradeen. Ya riga ya kwance akwatin, ya fito da wani ƙarfe kamar ƙaramin littafi, ya haɗa shi da tasa na'urar.

"Sai gobe, Baba. A hankali yake bi, taki-taki."

"Haka ake bi," in ji Siddo.

Ikilima tana zaune a kan benci da kayenta a cinya, salula a hannu. Ta gama gwadawa.

"Karanta mini waɗanda suka ɓace. Kar ki yi sauri."

"Tsofaffin waƙoƙi. Tsofaffin sanarwa. Tsohon shirin noma. Tsohuwar talla. Sai…" Ta tsaya.

"Sai?"

"Sai Tsoho."

"Haka kika rubuta a kai? Ba Yakuba?"

"Baba, ni ban ma san sunansa na yanka ba sai ranar jana'iza."

"Waɗanda aka bari?"

"Labarai. Wa'azi. Shirin mata. Sanarwar bana." Ta bi da yatsa har ƙasa. "Babu mai tsoho a sunansa ko ɗaya."

Siddo ya rufe ido. Wanda ya zo don murya, murya zai ɗauka ya fita. Wannan ya bi layi ne yana kwashe duk abin da ya ga an rubuta tsoho a kai, kamar mai kwashe tsumma daga ɗaki. Ba murya yake so ba, wuri yake so. Kuma ba a share ɗaki haka kawai, sai in akwai kayan da za a shigo da su.

"Zahradeen."

"Na'am, Baba."

"Bayan muryar, nemo mini baƙon. Abin da aka shigo da shi ranar Juma'a."

Ikilima ta ɗago kai ta dube shi. Ya ga ta gane, ya kuma ga tsoro ya shige ta, don aikinta a hannun mutumin yake.

"Tafi gida," ya ce mata. "Ki ci abinci. Ba ke za ki faɗa ba."

*

Lahadi bayan la'asar suka taru a farfajiyar rediyon. Wakilin sarki a kan kujera, Ramatu a gefe ɗaya, Hashimu a ɗayan, Ikilima jikin bango inda ta tsaya jiya. Direkta yau babu kwat. Zahradeen ya aza ƙaramar ordinate a kan benci. Siddo ya zauna a ƙasa, don kujera na ƙara masa ciwo.

"Ba zan daɗe ba," ya ce. "Hashimu, wa ya raba fadama?"

"Tsoho."

"Ramatu, muryar wa kike nema?"

"Ta Tsoho."

"Jama'a, wa aka binne bara bayan girbi, gari ya fito duka?"

"Tsoho," in ji bakuna da yawa. "Allah ya jiƙansa."

"Amin. Duk wanda ya sha ruwan Tanda, in ya ga wannan suna a rubuce, mutum yake gani. Dosiye biyar aka share ranar Juma'a. Tsofaffin waƙoƙi, tsofaffin sanarwa, tsohon shiri, tsohuwar talla, da Tsoho. Wanda ya share bai ga mutum ba. Tsohon kaya ya gani. Makulli biyu ne. Ɗaya na hannun wadda ta rubuta sunan da kanta. Ɗaya na hannun wanda jiya ya tambaya, wane tsoho kuma."

Direkta ya miƙe.

"Wannan zato ne. Na ce ina Dosso."

"Ka ce Juma'a ka dawo. Gaskiya ne. Ban tambaye ka ƙarfe nawa ba. Zahradeen."

Zahradeen ya taɓa na'urar. Hoto mai motsi ya fito: babban zaure, tafi, Direkta Idrisa cikin kwat yana karɓar takardar yabo, yana juya ta ga mai ɗauka. Can hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe.

"An fara zuba shi ƙarfe biyu saura," in ji Zahradeen. "Bai kai rabi ba kuran ya tafi."

"Lokacin da lasifikar masallaci ta mutu liman na tsakiyar huɗuba," in ji wani daga baya. "Ashe Direkta nasa huɗubar yake saurare."

Wasu suka yi dariya. Siddo ya ɗaga sanda, dariyar ta tsaya.

Direkta ya koma ya zauna. "Wuri kawai nake nema. Na'urar ta ƙi karɓar hoton, ta ce ta cika. Na karanta sunayen ɗaya-ɗaya, wallahi ban ga sunan Alhaji Yakuba ba. Kuskure ne."

"Na Juma'a kuskure ne," in ji Siddo. "Na Asabar ba kuskure ba ne. Kana bakin ƙofa lokacin da yarinyar ta ce in an aza wani abu a kai ya tafi ke nan. Ka ji wane ne Tsoho. Daga nan ka ce a kunna a zuba sabbin kaya. Ka kwana ana kiranta ɓarauniya, ka tashi ana kiranta."

Direkta ya juya wajen bango. "Ikilima, ki yafe mini."

"Ka faɗa a rediyo, Direkta," in ji ta. "Kotonu ma labarin ya kai."

Wakilin sarki ya ce hakan za a yi, a labaran yamma, da bakinsa. Sannan ya dubi Zahradeen. "Muryar fa?"

"Ta dawo, ranka ya daɗe. Amma hoton ya taka wasu wurare."

Ya kunna. Murya ta fito, mai kauri, tana jan numfashi tsakanin kalmomi. Ramatu ta rufe fuska da mayafi. Hashimu ya cire hula. Zahradeen ya tsallake har inda ake maganar fadama.

"…muka ja igiya daga giginya, taki…"

Sai ƙara, kamar ruwa a kan kwano. Ta daɗe. Ramatu ta sauke mayafin, ta dubi Siddo. Lambar ta tafi.

Muryar ta dawo. "…amma itace yana faɗuwa. Kashegari da sassafe na koma ni kaɗai. Na ɗauki dutsen niƙan uwarmu na binne shi a kan iyaka, ban faɗa wa kowa ba don kar a tone. Yana nan daidai inda burtali ke karkata zuwa mashaya…" Ƙara ta sake rufe ta.

"Wane burtali?" in ji wakilin sarki. "Ba hanyar shanu a fadamar nan."

"An nome ta tun ina saurayi," in ji Hashimu. "Ba wanda zai iya nunawa."

Siddo ya dafa sanda, ya miƙe a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar.

"A turo mini kabu-kabu gobe da safe. A zo da dagi."

*

Litinin da sanyin safiya yana tsaye a bakin fadamar ba takalmi. Ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa yana ƙyalli a kwari. Mutane sun jeru a kan tudu, don ya hana kowa sauka.

Ya bi wannan hanya sau ɗari a bayan shanun mutane, lokacin yana da ido biyu. Yanzu garma ta bi ta kai shekara ashirin. Amma ƙasar da kofato ya daddage shekara da shekaru ba ta komawa kamar sauran. Ciyawarta gajera ce, ruwa yana zamewa a kanta. Bai dogara da ido ba. Ya taka, ya saurari tafin ƙafarsa. Tauri. Ya ƙara taki. Tauri. Ya kauce dama, laushi, ya dawo.

Haka ya yi ta tafiya har rana ta ɗaga. Sau biyu ya ɓata, ya koma baya. Sau ɗaya ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana haki, wani a kan tudu ya ce tsohon ya gaza. Ya ji. Ya tashi.

Can taurin ya fara lanƙwasa zuwa kogi. Ya tsaya a gwiwar lanƙwasar, ya soka sanda.

"Nan. Hashimu, kai za ka haƙa. Kar gobe ka ce an binne jiya."

Hashimu ya haƙa. Ramin farko ba komai. Siddo ya matsar da shi taki ɗaya. A rami na biyu, da ya kai zurfin kamu guda, dagi ya yi ƙara. Suka share laka da hannu. Dutsen niƙa ne, tsakiyarsa ta lotsa, saiwoyi sun naɗe shi.

Wakilin sarki ya sa aka auna. Dutsen ya shiga taki bakwai cikin abin da Ramatu ke nomawa, wannan na Hashimu ne. Kwarin duka yana gefenta.

Hashimu ya daɗe a durƙushe, hannunsa a kan dutsen. "Na san shi," ya ce. "A kansa aka niƙa mana gumba muna yara." Ya miƙe, ya goge laka a rigarsa. "Tsoho ya faɗa. Ramatu, ki yi shuka, ruwa ba ya jira."

Ramatu ta riga ta ɗaure zane ta sauka kwarin.

Siddo ya hau tudu, ya zauna a gindin wata giginya yana cire ƙaya daga dunduniya. Ikilima ta zo ta durƙusa gefensa.

"Baba, yanzu akwai wuri a ordinate. Waƙoƙin ba su dawo duka ba. Ina so in zo in ɗauki hirarka. Burtalin nan, da sauran da ka sani."

"Ba mai bin su yanzu."

"Yau an bi ɗaya."

Ya ci gaba da neman ƙayar. Ya same ta, ya zare, ya duba, ya jefar.

"Ki zo da safe, kafin ƙafar ta tashi. Ki ajiye wuri biyu."

"To, Baba."

"Wane suna za ki sa a kai?"

"Baba Siddo."

"Sa duka. Siddo ɗan Aliyu, mai bin sawu." Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi. "Kar ki sa tsoho."